Cokalin da Na Kai wa Baba

A ƙauyenmu, arewa da Minjibir, maza ba sa cin tuwo a cikin gida. Ana idar da sallar magariba kowane magidanci zai sa a fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a zauna a ci tare. Ciyayya muke kiranta. A buɗe kwano ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba a ranar, babu mai ganewa, don hannunsa na cikin kwano kamar na kowa. A ƙofar gidanmu ake yin ta tun kafin a haife ni, kuma mahaifina ne yake buɗe kwanon farko.

Ni na raba shi da wannan zama. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa.

Akwai abin da aka san Baba da shi. Mutane sun yarda hannunsa yana da albarka a kan iri. Idan ruwan shuka ya sauka, maƙwabta sukan kawo masa irin gero da dawa da wake a ƙorai, ya yi bisimilla ya juya musu. A da, da toka yake juyawa. Da aka fara sayar da jan garin magani na hana ƙwari da tsuntsu cin iri, sai aka koma kawo masa shi a ƙulle a leda. Ya yayyafa ruwa, ya zuba garin, ya nutsa hannu har wuyan hannu yana cakuɗawa. Wata safiyar sai ya yi na gida goma kafin ya taɓa namu. Bai taɓa cewa ya gaji ba.

Ciwon ya soma da ƙaiƙayi tsakanin yatsu. Sai ƙananan ƙuraje masu ruwa, sai fatar ta yi kauri ta tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Nakan same shi a gona ya ajiye fartanya yana gurzar bayan hannunsa da totuwar masara, ido a rufe. Idan aka yi girbi sai abin ya lafa, da rani ya kusa ɓacewa. Ruwa na sauka ya dawo. Damina uku ana haka, kuma a cikinmu babu wanda ya tsaya ya ce me ya haɗa ciwo da shuka.

Magani kuwa kowa yana da nasa. Inna, mahaifiyata, ta dafa ganyen dalbejiya yana tsoma hannu. Wanzami ya ce mataccen jini ne, ya kafa masa ƙaho. Wani mai tallar magani da lasifika a kasuwa ya ba shi gari, ya ce a kwaɓa da kanwa. Ranar da ya shafa shi na ga hawaye a idon mahaifina, abin da ban gani ba ko a ranar da ya binne ƙanwata. Har baƙin man injin niƙa an sa shi ya shafa. Duk mai ba da shawarar yana faɗa da tabbaci kamar shi ya halicci fatar, kuma babu wanda ya dawo ya duba abin da maganinsa ya yi.

Da farko abin wasa ne a wurin ciyayya. Akwai wani Alhaji, taubashin Baba, mai sayen hatsi yana kaiwa kasuwar Dawanau. Yakan kalli hannun ya ce ko guza ya gani sai ya tsaya ya gaida ɗan'uwansa. Baba ya ce masa hannun da ya yi noma ke nan, ba irin nasa ba da bai san nauyin komai ba sai na igiyar ɗaure buhu. A yi dariya, a ci gaba da ci.

A damina ta uku tsagar ta fara fitar da ruwa, wasan kuma ya tsaya. A masallaci na lura wasu na dafa ƙirji daga nesa maimakon su miƙa masa hannu. Wata safiya Baffa, ƙanen Baba, ya ja ni bayan rumbu. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce mutane na magana, ya ce ana tsoron ko babbar cuta ce. Bai iya furta kuturta ba, amma na gane. Ya ce babu mai iya tarar yayansa da zancen, ni ne babban ɗa, kuma na ɗan zauna a aji, na san yadda cuta ke yaɗuwa.

Ban san komai ba. Amma an ce na sani, sai na yarda.

Da magariba na shiga wurin Inna na ɗauki cokali. Ta bi ni da kallo. Na fito, na durƙusa, na ajiye shi gefen Baba daidai lokacin da yake wanke hannu.

"Wannan fa?" in ji shi.

"Baba, don kada miya ta shiga ciwon ne."

Ya dubi cokalin, ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya sa ido a kwano. Alhaji da ba ya barin komai ya wuce bai tanka ba, ranar ko tari bai yi ba. Da ya yi masa tsiya, da wataƙila an yi dariya an jefar da cokalin. Shirunsa ne ya faɗa wa Baba cewa an riga an gama magana a bayansa.

"To. Allah ya yi maka albarka," ya ce da ni.

Ya kai loma biyu da cokalin, ya yi hamdala, ya tashi. Washegari ya ce a ajiye masa nasa a zaure. Amma bai hana a fitar da babban kwanon gidanmu ba. Suna cin tuwon geronsa a ƙofar gidansa, shi yana cikin zaure shi kaɗai yana jin hirarsu ta bayan asabari. Ni kuma ina cikinsu. Wannan ne nake kasa faɗa da baki, shi ya sa nake rubutawa.

Bayan kamar wata ɗaya hannun dama ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi. Na goya shi a babur zuwa asibiti a Minjibir. Wata likita ce ta gan shi, ba ta ma kai ni a shekaru ba. Ta riƙe hannun ta juya shi. Ta sa ya rufe ido tana taɓa shi da auduga, ya faɗi duk inda ta taɓa. Sai ta tambayi lokacin da ciwon ke tashi da abin da yake taɓawa a lokacin. Ya ba ta labarin irin, har da ɗan alfahari a muryarsa.

Ta ce ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗaukarsa ko da kwano ɗaya ake ci kullum. Fatarsa ce ba ta jure garin maganin ba, takin zamani da yake ɗiba da hannu mai gumi kuma yana ƙara hura abin. Kanwa da baƙin mai sun ƙone abin da ya rage, datti ya shiga tsagar, shi ne kumburin. Ta ba shi ƙwaya ta kumburin, da man shafawa safe da yamma na mako biyu, ta ce kada ya zarce. Bayan nan man kaɗanya ya isa. Ya bar wanke hannu da garin sabulu, kuma kada ya sake taɓa iri ko taki sai da safar hannu ta roba. Duk zaman bai kai tsawon huɗubar Juma'a ba. Damina uku, ga hanya lafiya lau, ga babur a gida.

Kafin wata ya cika hannun ya yi sumul. Na tsaya a wurin ciyayya na maimaita musu abin da likita ta ce. Suka yi ta alhamdulillahi. Wani ya ce dama su ba su ce komai ba. Gaskiya ya faɗa, ba su ce ba, ni suka aika. Baffa ya shiga zaure ya kira yayansa, ya fito shi kaɗai ya ce wai Baba ya ce ya saba da can. Na shiga da kaina na durƙusa, na ce ya yafe mini ya fito.

"Na yafe maka tun ranar," ya ce. "Amma maganin hannu kawai likitar ta ba ni."

Da ruwan shuka ya sake sauka, sai ga ƙorai a ƙofar gida, na Alhaji a gaba. Na so in yi shuri da su. Baba ya sa safar hannunsa, ya yi bisimilla, ya juya wa kowa nasa, ya yi musu addu'ar damina. Bai ga girbin ba. Ya faɗi a gona bayan noman farko, kwana biyu ya cika. An ce hawan jini ne. Ni na yi masa wanka, hannuwansa babu tabo ko ɗaya. Tun daga ranar cokali har ya bar duniya bai sake sa hannu a kwano da kowa ba.

Yanzu ni nake buɗe kwanon farko. Na so in tashi ciyayyar daga ƙofarmu, Inna ta hana, ta tuna mini akwai gidajen da ba kullum ake hura wuta ba. Iri kuwa kowa shi ke juya nasa.

A daminar bana na ga Alhaji yana ɓoye hannu cikin riga, yana ɗibar tuwo da sauri daga gefen kwano. Tsakanin yatsunsa ya yi ja, ya fara tsagewa. Na ga Baffa ma ya gani, har ya juyo yana neman idona. Na tashi na shiga zaure. Cokalin na nan a soke jikin azara inda Baba ya bar shi, safar hannun na rataye kusa da shi. Na daɗe a tsaye, ba zan ɓoye ba. Na ɗauko safar na ajiye a cinyar Alhaji, na faɗa masa ranar da likitar ke zama, na tura kwanon gabansa.

"Ci da hannunka, Alhaji," na ce.

Ya buɗe baki zai yi magana a kan Baba. Na ce masa tuwon yana hucewa.