Tumatir Mai Jan Tsumma

Shekarar da babbar kasuwar Terminus ta Jos ta ƙone ina ɗan shekara tara. Shagon mahaifina yana cikin waɗanda wuta ta cinye, sai cefane ya yi wuya a gidanmu na Dutse Uku. Abin da ya riƙe mana tukunyar miya shi ne ɗan lambun da kakata, Inna Hajara, take nomawa a bayan ɗakinta.

In an idar da sallar magariba, sanyin Jos ya fara sauka, Inna kan hura garwashi a kasko, mu jikoki mu kewaye ta. Ni take fara tsokana. "Matsa can, maigida. Miji ba cefane, sai tare wuta."

Da daminar nan ciwo ya shiga lambun. Ganye ya yi baƙin tabo, tumatir ya riƙa yaushi ɗaya bayan ɗaya, Inna tana tuge wanda ya kamu tana ƙonewa. Tushe guda ne ya tsaya kore shar a jikin katanga, ta ɗaura masa jan tsumma. Ban tambayi dalili ba. Wata rana mahaifiyata ta aike ni tsinko na miya. Na ga babu nunannu kamar na mai tsumman, na tsinke su tas. Aka niƙa, aka ci.

Inna ba ta yi faɗa ba. Da muka taru sai ta ce, "Ga ta nan gare ku, musamman maigidan nan."

Wai Cuta ce ta yi shigar baƙuwa ta sauka wani ƙauye. Duk shukar da ta ɗanɗana sai ta kwanta. A gonar wasu mata biyu, ya da ƙanwa, ta tarar da wani ɗan tushe, ta lasa ta tofar, ta ce wannan ya fi ƙarfin bakinta. Da ta wuce, yayar ta ce a dafa 'ya'yansa, yunwa ake ji, iri kuwa a sayo na kasuwa mai sheƙi. Ƙanwar ta ɓoye guda. Ta matse ƙwayoyin, ta wanke, ta shanya a inuwa, ta cuɗa da toka ta ƙulle. Da shekara ta zagayo Cuta ta dawo, ta share shukar yayar, ta leƙa ta ƙanwar. Ta lasa, ta ce, "Au, ashe gidan nan ne," ta juya.

"Ƙurunƙus, ta ƙare a kan ɓera," in ji Inna. "Namu ɓeran ƙafa biyu gare shi, ko guda bai bari ba."

Kowa ya yi dariya ban da ni, don na gane irin baɗi na kai tukunya. Bayan kwana biyu kuma ruwan ƙanƙara ya kakkarya tushen.

Inna ta riƙe hannuna muka tafi Rikkos wajen ƙawarta Mama Ladi, wata Birom mai sayar da ganye, wadda ita ma tushe guda ya tsira mata. Ta dube ni ta ce, "Oga, kai ne ka shanye iri?" Ta zuba mini ƙwayoyi a kwalin ashana. "Aro ne fa. Ranar da nawa ya mutu, kai za ka kawo."

Inna ta sa na rubuta sunan Mama Ladi da ajami a jikin kwalin. Ni na yafa irin a tsohon daro, ni na dasa, kuma ta hana ni zuba ruwa a kan ganye, sai a gindi.

Inna ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Na daɗe kafin in fahimci cewa abin da take koya mana shi ne a bar mafi kyau ranar da aka fi bukatarsa. Har yau daga tushen da ya jure ciwo nake ɗaukar iri, ba daga mafi girman ɗa ba. Ba kullum yake tsira ba, sai yadda Allah Ya so, amma ya fi tsira.

Bara na ji Mama Ladi ta yi doguwar jinya, lambunta ya bushe, irinta ya lalace. Na ɗauki dashe ashirin a daro na kai mata. Ta murza ganye ɗaya, ta shinshina yatsunta.

"Nawa ne," ta ce. "Ka daɗe, oga, amma ka biya. Ɗauko fartanya."