Ruwan Deptford a Bakin Taga

Ina da jika biyu na koma aji. Makarantar manya ce a unguwar Camberwell, kuma sai na ci darasin kimiyya za a bar ni in shiga karatun jinya. A aikin ƙarshe malamarmu, wata Baturiya siririya, ta ce kowa ya ɗebo ruwan kogi a kwalba, mu duba ƙananan tsirran da ke yawo a ciki, waɗanda ido ba ya gani.

Na je bakin kogi a Deptford lokacin da teku ta turo ruwa, kogi ya ciko. Abin da na ɗebo kamar kunun kanwa. Ni kuwa a gidanmu ba a miƙa wa mutum ruwa da laka, sai an bari ya kwanta. Na ɗora kwalbar a bakin taga inda rana ke bugawa, ga hita mai ɗumama ɗaki a ƙasa, na shiga sabgogina.

Ranar da za a kai, laka ta kwanta, amma ruwan ya zama kore shar.

'Yata ta ɗaga kwalbar da yatsu biyu. "Mama, miyar kuka za ki kai musu?"

"Ajiye min kayana. Ke da digirinki, me kika taɓa nomawa?"

Haka na kai shi, raina a ɓace. Malama ta ɗiga shi a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta daɗe tana kallo. Ta ce wannan ya tashi daga ruwan kogi, ba za ta karɓa ba. Na ce ni ban zuba komai ba, ta faɗa min laifina.

Ta zaunar da ni. A kogi, in ji ta, kullum ruwa na shiga yana fita, yana tayar da laka, haske ba ya ratsawa. Abincin tsirran yana nan, rana ce ba sa samu. Ni na tsayar da ruwan, na ba shi haske da ɗumi, suka hayayyafa. Haka yake faruwa a bakin teku idan sanyi ya wuce, iska ta lafa, yini ya yi tsawo.

Na ce, "To in kawo sabo mai lakar, mu jera su, in rubuta bambancin?"

Ta ce in dai ya iso kafin a tashi ranar Juma'a.

Na koma na tarar ruwa ya janye, sai taɓo. Na zauna a kan matakalar bakin kogi da jakata, na jira ya dawo. A bas ina ta girgiza kwalbar don kada lakar ta kwanta, wata mata tana hararata, har Camberwell. Malama ta karɓa, na ci darasin.