Taswirar da Na Ɓata da Gangan

Ranar da na zana ƙarya da hannuna ba za ta fita daga raina ba. Bayan na yi ritaya daga sashen zane na gidan talabijin a Gusau, Hajiya Rabi, mai shirya fim, ta nemi taimakona. Tana haɗa shiri ne kan yadda hukuma ke bin sawun mutane ta wayoyinsu. Aikina shi ne zane mai motsi: taswira, da jan ɗigo mai tafiya a kanta, domin mai kallo ya ga yadda ake bin mutum.

Babban mai ba da shaida wani tela ne da aka taɓa tsarewa saboda kiran da baƙo ya yi da wayarsa. An rufe fuskarsa, an sauya muryarsa, an yi masa alkawarin babu mai gane shi.

Ni kuwa a makarantar mishan na koyi zane, inda layi in ya kauce, rula ce ke sauka a yatsu. Saboda haka na je da kaina na bi hanyar da telan ke bi zuwa gida. Ɗigon ya tashi daga kasuwar Gusau, ya kama hanyar Tsafe, ya tsaya a gindin dutsen Kwatarkwashi, daidai inda ya kamata.

Ranar Talata muna duba aikin, sai Malam Isa direba, abokin aikina tun muna samari, ya leƙo da butarsa a hannu. Ya ce, "Kai, Malam Haruna, ka iya! Wanga lungu na bayan rijiya, ai tela guda ɗai a ciki. Shi ya ɗinka min rigar Salla."

Hajiya ta ce, "Baba, direba ma ya gane, balle waɗanda suka tsare shi?"

Na ce, "Taswirar daidai take."

Ta ce, "Abin da ke ba ni tsoro ke nan."

Na share rijiyar, na lanƙwasa hanyar, na kai ɗigon wani fili inda babu gida ko ɗaya. Sannan na kira Isa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wallahi ban san wurin ga ba. Malam, tsufa ya fara taɓa ka!"

Isa ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, kuma bai daina tsokanata da taswirar nan ba har ya bar duniya.

Ku da kuka gaje mu, ku riƙe wannan: kowane ɗigo da kuke motsawa, ƙofar gidan wani ce. Makon jiya na bi ta lungun nan. Keken ɗinkin yana ta ƙara, ban tsaya ba.