Allon Tobashina

Shekaru masu yawa ni ke riƙe da lasifika a filin ƙwallonmu na garin Tawa, tobashina kuma shi ke kan allo. Ɗan kawuna ne, ya girme ni kaɗan, kuma tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba sai da tsiya a ciki. Ni in ce masa raggo, shi ya ce mini baki-ba-aiki. Da ƙuruciya gola ne, har gwiwa ta ƙi shi, sai kwamitin fili ya ba shi allo don kada ya rabu da wurin. Allon ba wani abin kallo ba ne. Katako ne da aka shafa wa baƙin fenti, a kan ƙafafun ƙarfe, da tsani a gefe da ɗan wurin zama a sama. Lambobin a jikin guntayen kwanon rufi aka rubuta su, ana rataye su a ƙusa, ƙungiya ɗaya a dama, ɗaya a hagu. Idan aka ci, ya miƙe ya sauya kwano. Aikin ke nan duka, amma sai ya goge farar rigarsa kafin ya hau tsanin nan, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa masa kwanonin.

Ban san ranar da idonsa ya fara tafiya ba. Na dai lura ya daina gane ni daga nesa sai na yi magana. Wata rana na taya shi ɗaukar kwanonin zuwa ɗakin ajiya, sai na ji gefensu da kaushi. Ashe ya bi kowanne ya yi masa tsaga da ƙusa, ɗaya tsaga ɗaya, biyu tsaga biyu, don yatsa ya karanta masa. Na ajiye su ban ce komai ba. A wurinmu, in babban mutum bai faɗi ciwonsa ba, kai ma ba ka riga shi faɗa.

Daga nan na canza yadda nake magana a lasifika. Da zarar an ci sai in ɗaga murya in ce ta hannun dama ta ci, biyu da ɗaya. In alƙalin wasa ya soke, in ce babu, ana nan yadda ake. Ba ni kaɗai ba. A inuwar allon akwai mahauta da teloli na kasuwa da suka mayar da wurin nasu, su ma suka koyi yin gardama da ƙarfi a tsakaninsu, wai musu suke, alhali labari suke aika wa sama. Ba a taɓa zama an shirya wannan ba. Kowa ya gani da idonsa ya ja bakinsa, tobashina kuwa ya ci gaba da hawa yana saukowa shi kaɗai, yana tsokanata cewa surutuna ya ƙaru da tsufa.

Wanda ya san ƙasarmu ta Adar ya san rabin mazanta ba sa gida. Suna Abijan, suna Libiya, suna Legas, kuma ƙwallon gida na ransu. Su ne suka haɗa kai suka sayi kayan nuna wasa kai tsaye a waya, suka danƙa wa wani injiniya ɗan garinmu da ya daɗe a Yamai. Mutumin kirki ne, ba ni da abin zarginsa. Ya kafa babbar kyamara tana bin wasa, sannan ya kafa wata waya a kan sanda, fuskarta a kan allon tobashina, ba ta kallon komai sai shi. Ya nuna mini a kwamfuta: da zarar an rataya sabon kwano, na'urar ta karanta lambar, ta ɗora ta a saman hoton da mutanen waje ke kallo, ba tare da kowa ya danna komai ba. Na yi mamaki ƙwarai. Tobashina ya fi kowa murna, don babban ɗansa yana Abijan. Ya ce yanzu hannunsa ne ke rubuta wa duniya.

Sai injiniya ya ce ni ma za a ɗaga ni. Aka yi mini rumfa a ɗaya ɓangaren filin, nesa da allo, aka sa mini abin ji a kunne da ƙaramin makirfo, in riƙa yi wa ƴan ci-rani sharhi. Lasifika kuwa a kashe ta, domin ƙararta na shiga cikin sautin tana ɓata shi.

Na ce, "A bar ta mana, sai in rage murya."

Ya ce, "Baba, mi za a yi da ita? Na cikin hili suna gani da idonsu, ga kuma allo."

Abin da zan faɗa masa ba nawa ba ne, kuma in na faɗa masa, na faɗa wa kwamiti ke nan, gobe a ce tsoho ya huta. Na sa abin jin a kunnena, raina a ɓace.

Wasannin farko sun wuce lafiya, domin ƙungiyoyin cikin gari ne, mahauta da teloli suna wurinsu suna musunsu. Sai ranar wasan ƙarshe na gasar hutun makaranta, tsakanin samarin garin Kalfu da na garin Bambeye. Tun da hantsi manyan motoci suka fara sauke mutane. Kafin mutanen kasuwa su rufe rumfunansu su iso, baƙi sun cika inuwar allon maƙil, yawancinsu na Bambeye da gangunansu. Na hango wani tsohon mahauci yana ƙoƙarin kutsawa, aka tura shi baya. Ya juyo yana neman idona daga nesa, ni kuma babu abin da zan iya daga inda nake.

Bayan an dawo daga hutun rabin lokaci ba wanda ya ci. Can sai ɗan gaban Bambeye ya tsere ya buga, ƙwallo ta shiga raga. Ƙarƙashin allo ya kece da ihu da ganga. Amma mai tuta ya riga ya ɗaga, alƙali ya busa ya soke, satar gida ce. Ni na gani, fili duka ya gani. Tobashina ihun kawai ya ji. Ya miƙe a natse, ya shafa gefen kwano, ya rataya ɗaya a ɓangaren Bambeye, ya koma ya zauna ya gyara rigarsa.

A kwamfutar da ke gabana lambar ta sauya nan take. Na yi ta faɗa a makirfo, an soke, babu ci, an soke. Muryata ta kai Abijan, amma ba ta ƙetare filin ba. A da, in allo ya yi kuskure, wani ya ɗaga kai ya yi magana a gyara, ba wanda zai tuna. Wannan karon wayoyi suka fara ƙara a aljihun mutanen Kalfu, ƴan'uwansu na waje suna tambaya yaya aka yi aka ci su, ko an sayar da wasan ne. Kawuna suka juya wajen allo. Na Bambeye da ke ƙasa suna dariya, ba su ga dalilin gyara abin da ya yi musu daɗi ba. Injiniya yana ta neman yadda zai danne lambar da hannu, amma duk lokacin da ya goge, na'urar ta sake duba allo ta mayar.

Aka fara jifa da ledar ruwa. Ɗaya ta fashe a ƙirjin tobashina. Ya miƙe yana juya kai, bai san laifinsa ba, bai san ta ina ake jifansa ba. Wani ƙato daga cikin mutanen Kalfu ya hau tsanin a fusace, ya fizge kwanon daga ƙusa. Tobashina ya ji ƙarar, ya kai hannu zai kama shi, sai ya kama iska, a gefen da babu kowa. Mutumin ya tsaya. Ya ɗaga tafinsa ya kaɗa a gaban fuskar tsohon, sau ɗaya, ya sake. Ido bai motsa ba. Ba na tsammanin mugunta ce ta sa shi, mamaki ne, amma ya juyo ya faɗa da iyakar muryarsa:

"Jama'a, ku bari! Makaho na! Wallahi ba shi gani!"

A lokacin mai babbar kyamara ya riga ya bar wasa ya juya wajen hayaniyar. Na cire abin kunnen na jefar, na ratsa ta tsakiyar fili da gudu irin na mai shekaruna, ƴan wasa suna kauce mini. Kafin in isa an daina jifa. Tobashina yana saukowa daga tsani, rigarsa a jiƙe. Mutumin Kalfu ya miƙa hannu zai taimake shi, ya buge hannun. Ni ma na kama gwiwar hannunsa, ya fizge. Mutane suka buɗe masa hanya, ya bi jikin katanga har ƙofa, ni ina bayansa. Ban taɓa jin tsanar wani abu ba irin yadda na tsani wayar nan da ke kan sanda, har yanzu tana kallon allo.

Washegari da la'asar na je gidansa. Matarsa ta tare ni a zaure, ta ce ɗansu ya kira daga Abijan yana kuka, yana tambaya me ya sa ba a gaya masa ba, uban ya ƙi karɓar wayar. Na same shi a tabarma a gindin bango. Na zauna, na jawo wata tsiya don in sa shi dariya, ba ta ci ba.

Ya ce, "Kai ka sani?"

Na ce na sani.

"Tun yaushe?"

"An daɗe."

Sannan ya ce, "Kai da wa?"

Na so in yi masa ƙarya, amma na ga ya riga ya fara haɗa abin da kansa. Na ce mahauta sun sani, teloli sun sani, alƙalan wasa sun sani, masu sayar da ruwa ma. Na faɗa da niyyar ya ji yadda ake sonsa. Ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma.

Ya ce, "Ni nan ina ta wahala ina ɓoyo, ina cewa aiki nike yi. Ashe sadaka kuka ba ni."

Na rantse masa ba haka ba ne. Na ce kwamiti sun ce wurinsa na nan, injiniya ma ya zo wurina da safe idonsa jawur, ya ce za a mayar da lasifika. Tobashina ya ce a gode musu. Bai sake taka filin ba. Da na tashi tafiya ya ce in biyo masa ranar Juma'a mu je masallaci, ya gaji da ƙirga kwanar lungu.

Na zo na same shi a ƙofar gida da sanda, wadda ban taɓa ganinsa da ita ba. Ya miƙo mini ƙarshenta na kama, na shiga gaba yana biye. Muka ratsa bakin kasuwa haka. Mahauta suka miƙe suna gaishe shi, yana amsawa a taƙaice, su kuma sun rasa inda za su sa idonsu. A ƙofar masallaci na ce ya tsaya a nan in nemo mana wuri a inuwa. Ban daɗe ba. Ina dawowa na ga wani baƙo, daga ganinsa ɗan kasuwa ne daga wani gari, yana bin masu zama a bakin ƙofa yana raba dabino. Ya iso kan tobashina a tsaye da sandarsa, ya kama hannunsa ya zuba masa. Na ɗaga murya zan hana, na makara. Tobashina ya tsaya da dabinon a tafinsa, sannan ya rufe hannun a hankali.

Ya ce, "Allah shi saka da alheri."