Karen Maigidana da Karyar Ruga

Ina tankaɗe a tsakar gida abokin farautar maigidana ya yi sallama. Da na leƙa zaure na gan shi riƙe da igiyar karenmu, na san babu lafiya, domin maigidan bai taɓa ba wani wannan igiya ba. Ya ce maciji ne ya sari maigidan, a dajin da ke bayan Doguwa. Sun binne shi can saboda nisa. Zamanin En'e ne, mota sai a Kwanar Dangora.

Na shiga takaba. Aka ɗaure karen a gindin rumbu, ina zuba masa ƙanzo da ruwa. Shi kaɗai ya rage mini na maigidan, don ba mu haihu ba, kwari da baka kuwa 'yan'uwansa sun ɗauka.

Karen ba dandaƙaƙƙe ba ne. Maigidan ya ƙi a dandaƙe shi, yana cewa zuciyarsa za ta mutu a daji. Ba ya jin kiran baki, sai fito irin na maigidan, gajere sannan dogo mai lanƙwasa. Da ya ji zai baro ko zomo ne. Wuri ɗaya fiton yake gazawa, wato in akwai karya mai neman barbara a kusa. Wannan ne maigidan yake kan koya masa da doguwar igiya da guntun nama, kuma ba ya dukansa in ya dawo, kome daɗewarsa.

Bayan girbi Fulani suka sauka a gonakinmu don taki, da karyarsu. Karen ya daina cin abinci. Ya yi ta kuka har na gaji da ba maƙwabta haƙuri. Ya cinye igiya ya tafi, aka kamo shi, ya sake cinye wata. Dattijon rugar ya aiko cewa yana firgita musu maruƙa, in ya koma za su sa masa sanda.

Ƙanin maigidan ne yake binsa, da ihu da tsumagiya. Na ce masa, "Ba haka yayanka yake yi ba. Fito za ka yi masa."

Ya ce, "To matar yaya, yi mini in ji mana."

Na kwatanta masa da murya. Ya gwada, abin ya fito kamar kukan tsako. Shi kansa ya yi dariya, ya ce, "Wannan ko ni ba zan amsa ba."

Wata hantsi na ga karen ya tsallake danga ya nufi ruga. Ba ni da ikon fita. Na tsaya jikin dangar na yi fiton, yadda na daɗe ina jin sa. Karen ya tsaya cak a tsakiyar karan dawa, ya juyo da kansa.

Sai surukata ta fito daga ɗaki. "Ke! Mace da fito? Kuma mai takaba? So kike a ce me a garin nan?"

Na ce, "Inna, karen ne."

Ta ce, "Ɗana ya tafi, kare kike kira?"

Ban sake yi ba. Karen ya ɗan jira, sannan ya ci gaba da tafiya.

Bai dawo ba. Da Fulanin suka tashi, wani ya ce ya ga kare irinsa yana bin bayan shanu ta wajen Tudun Wada, wani kuma ya ce tun a ruga suka kashe shi. Ƙanin maigidan ya ce zai bi su ya tambaya in an gama sussuka. An gama sussuka, na fita takaba, bai je ba.