Buhun Aduwar Inna

Inna, mahaifiyata, ba ta yi karatu ba, shi ya sa duk buhun aduwar da ta tsinto sai ta ɗaure bakinsa da ƙyallen tsohon zanenta shuɗi. Haka matan ƙungiyarsu suke yi a ƙauyenmu, kusa da Kanan-Bakashe, kowace da ƙyallenta. Mai sayen aduwar sharaɗi ɗaya ya kafa musu: ta dajinmu kaɗai yake so, don da sunan yankinmu yake sayar da man da yake tatsa. Ya ce akwai labo a birni inda ake niƙa ƙwallon a gwada, wai ƙasa da ruwan da itace ya sha suna barin alama cikin 'ya'yansa. Ni da na yi lakkol, makarantar boko, har nake koyarwa a Tasawa, dariya na yi. Aduwa ai aduwa ce.

Shekarar da ciwon gwiwa ya kama Inna, na zo hutu na tarar da buhunta rabi, ga amalanke zai zo ɗauka jibi. Tausayinta ya kama ni. Na hau kabu-kabu na je kasuwa, na sayo tiya bakwai, ko tambayar inda ta fito ban yi ba. Na juye, na cakuɗa, na ɗaure da ƙyallenta, na ce mata a bayan gari na tsinto. Ta yi ta sa mini albarka.

Bayan wata biyu takarda ta zo daga mai sayen da Faransanci, ranar kuwa ina gida. Wa za a kira ya karanta in ba ni ba? Na tsaya gaban matan, da bakina na fassara: buhu mai shuɗin ƙyalle an gauraya shi da aduwar wata ƙasa.

Inna ta dogara sanda ta miƙe. "Wallahi ba ƙwara ɗaya da ba ta dajin nan ba. Ni da ɗiyata muka tsinto." Ta juyo gare ni. "Ke, gaya musu."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Shugabar ƙungiya ta dubi Inna ta ce, "Yaya, na'ura ba ta san ki ba, balle ta yi miki ƙage." A ranar suka cire Inna daga ƙungiyar.

Ta daina zuwa rijiya da safe lokacin da mata ke taruwa, sai rana ta take. Shekara uku ta yi a duniya bayan nan. Duk zuwan da zan yi da niyyar faɗa mata nake zuwa, sai ta riga ni, ta ce, "Allah ya isa tsakanina da wanda ya ɓata mini suna." Ni kuma ina zaune bakin tabarmarta, sai in ce amin.