Ƙugiyar da ta ɓace a hanya

Har yau ban manta da ranar da na gabatar da gwajina na farko a ofishinmu na unguwar Al Khabaisi da ke Dubai ba. Lokacin ina ƙaramin injiniya mai jiran a tabbatar masa da aiki, kuma wannan gwajin ne zai yanke hukunci.

Wani kamfanin kargo, wato jigilar kaya, na 'yan Kano ne ya ba mu kwangila. Kwamfutar shagonsu na unguwar Naif takan kira kwamfutar sitonsu, ta ce a buga takardar da ake liƙa wa kwali. Tsakaninsu akwai manhajar da ke ƙunshe saƙon kafin ta aika, a warware a can. Shugabar sashenmu, Madam Rima, 'yar Labanan, ta ce in gwada hanyoyi biyu na ƙunshewa. Ta farko tana aika rubutu yadda yake, sai dai akwai nauyi. Ta biyu ni na tsara ta, tana matse kowane harafi cikin ɗan ƙanƙanin gurbi. Na yi ta gwadawa da sunaye irin su John da Mary, tawa ta yi wa waccan fintinkau. Kaina ya kumbura.

Mai kamfanin, Alhaji Sabo, ya zo da kansa. Na nuna masa yadda kira ke zuwa ya dawo kafin a ƙifta ido. Ya gyaɗa kai, ya ce in buga sunana ya gani. Na rubuta Nasiru Karaye, yadda na saba tun zuwana Dubai.

"Ɗana, ashe ɗan Ƙaraye ne kai? To ina ƙugiyar? Maza, sa mata abinta."

Na sa, na aika. A babban allo saƙon ya dawo: Nasiru ?araye. Gurbin da na ware bai ɗaukar ƙ, ɗ ko ɓ. Saurin da nake taƙama da shi, daga nan ya fito.

Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi. A hankali ya bayyana wa Madam cewa yaran shagonsa da Hausa suke rubutu a waya, kuma kwalin Ɗanladi in ya isa Kano da alamar tambaya, sai ya kwana a sito ba mai shi. Madam ta juyo ta tambaye ni ko waɗannan haruffan na yarena ne. Na ce nawa ne. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Aka ɗauki hanya ta farko mai nauyin, ni kuma aka ƙara mini wa'adin jira kafin a tabbatar mini da aiki.

Abin da na koya shi ne, a aikinmu ba a auna sauri sai an tabbatar saƙo ya isa da kamanninsa, kuma da sunayen masu kayan ake gwaji. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini sabuwar hanya, kafin in dubi agogo nakan ce ya aika sunan garinmu tukuna.